Sharhi: Cinikin kamfanonin cip da wayar da ke hannunmu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi wani ciniki da ake yi nesa da Maraɗi, amma kayansa na cikin aljihun kowa.

In mai gyaran salula a Babbar Kasuwa ya ɓalle bayan Tecno ko Itel, za ka ga wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai fi farcen yatsa ba, sau da yawa da sunan MediaTek ko Unisoc a jikinsa. Shi ne cip, ƙwaƙwalwar wayar. Kusan duk wayoyin zamani, masu arha da masu tsada, tsarin ƙwaƙwalwarsu na kamfanin Arm ne, da ke Cambridge a Ingila. Arm ba ya ƙera komai. Zane yake yi, masu ƙira su biya shi lasisi.

A 2016 SoftBank na Japan ya saye Arm a kan kusan dalar Amurka biliyan 32. A watan Satumban 2020 Nvidia na Amurka, kamfanin cip da shi ma ke cikin masu biyan Arm lasisi, ya taya shi biliyan 40, SoftBank ya sallama. Sai ƙura ta tashi. Alhazan Maraɗi za su gane dalili ba sai an yi dogon bayani ba: babban dilan da kowa ke sarin kaya a wurinsa, a wayi gari ɗaya daga cikin masu sarin ya saye shagonsa. Ko ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ba zai fifita kansa ba, wa zai yarda? Hukumomin kare gasa na Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai suka sa baki, a Fabrairun 2022 ciniki ya watse. A ganina sun yi daidai.

Sai dai kada mu ɗauka tausayin mai saye ne kullum ke hana irin wannan ciniki. A Maris na 2018 Donald Trump ya hana kamfanin cip na Broadcom, mai hedikwata a Singapore a lokacin, sayen takwaransa Qualcomm na Amurka, tayin da ya kai dala biliyan 117, da hujjar tsaron ƙasa. Bayan wata huɗu, Qualcomm ɗin ya janye daga sayen NXP na Holan, cinikin biliyan 44, domin Sin ta ƙi sa hannu har wa'adi ya cika, lokacin kuwa tana tsaka da rikicin haraji da Amurka. Haka ta yi wa Intel a 2023 da ya nemi Tower na Isra'ila. Ba ta ce a'a ba, shiru kawai ta yi.

Wasu cinikayyar dai na wucewa. AMD ya kammala sayen Xilinx a 2022, bayan Beijing ta gindaya sharuɗɗa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a duk waɗannan cinikayya ba wanda ya jira amincewar Yamai ko Abuja, alhali mu ne masu sayen wayar da ba mu da zaɓi sai abin da aka kawo ta Kwatano ko ta Kano. Mun ɗanɗana a lokacin korona, da cip ya yi ƙaranci har masana'antun motoci a Turai da Amurka suka dakatar da aiki. In masu ƙirar suka koma ƴan tsiraru, ƙarin farashin da suka yanke zai biyo dila, ya biyo mai shago, ya sauka a kan ɗan kabu-kabun da ke tara jika-jika don ya sauya wayarsa.