Furodusan Fim ɗin Namun Daji: Daga Jira a Bukka zuwa Ɗakin Tace Hoto

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Idan kuna kallon fim ɗin namun daji, zaki zai daka tsalle ya cafke barewa, kafin ƙiftawa da bismillah an wuce wurin. Wanda ba ku gani shi ne furodusa. Shi ya nemo kuɗin, ya zaɓi dajin, ya binciko watan da dabbar ke haihuwa, ya karɓo izinin hukuma, sannan ya zaunar da mai kyamara cikin 'yar bukka makonni, sauro na cizonsa, ko tari ba shi da halin yi. Duk wanda ya taɓa yini a Yankari yana neman giwa bai ga komai ba sai kashinta, ya san irin jiran da nake nufi.

Ku ɗauki David Attenborough, mai gabatar da finafinan namun daji. Da muryarsa duniya ta san shi, amma da aikin furodusa ya fara. An haife shi a Ingila a 1926. Ya nemi aikin rediyo a BBC ba a ɗauke shi ba, sai a 1952 ya shiga sashen talabijin, alhali a lokacin ko akwatin talabijin ba shi da shi a gida. A 1954 ya tafi Saliyo tare da Jack Lester na gidan namun dajin Landan, suna neman wani tsuntsu mai sanƙo da ke gina sheƙarsa da laka a jikin dutse. Lester ne aka shirya zai gabatar da shirin, mai suna Zoo Quest. Rashin lafiya ta kwantar da shi, dole furodusa ya fito gaban kyamara.

A 1965 aka ba shi shugabancin tashar BBC2, ya ci gaba da hawa, daga baya ya ajiye kujerar ya koma daji. Wannan yana burge ni ƙwarai. Sakamakon shi ne Life on Earth a 1979, kashi 13, inda a tsaunukan Ruwanda 'ya'yan goggon biri suka hau jikinsa suna ƙoƙarin cire masa takalmi.

Amma aikin nan amana ce, kuma a ɗakin tace hoto ake gwada ta. A 2011 aka nuna shirin namun daji mai suna Frozen Planet, aka ga jariran farin beyar cikin raminsu kamar a tsakiyar ƙanƙara. Ashe a wani gidan namun daji na Holan aka ɗauke su. Masu shirin sun ce kai kyamara ramin gaske zai iya jawo halakar jariran ko ta mai ɗaukar hoton, kuma na yarda da hujjarsu. Sun ma yi bayani a shafinsu na intanet. To amma mai kallo a gida bai je shafin ba, abin da idonsa ya gani ya ɗauka. Da sun rubuta layi ɗaya a ƙasan allo, da ba wanda zai ce an rufe shi.

Mai tambaya ya ɗaga hannu a miƙa masa lasifika.