Gyaran da ke zuwa da katin hoto: naka ne ka sayar?

Sadiq: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ne Sadiq, ga Yaya Bala, ga kuma Hauwa. Maganar yau Hauwa ce ta zo da ita, don haka bismillah.

Hauwa: Na gode. Wato wani ɗan'uwanmu da ke Ingila ne ya sayo min katin hoto na kwamfuta, wato na'urar da ake sa wa kwamfuta don ta iya sarrafa manyan hotuna da wasanni, saboda aikin zanen gidaje da nake yi. Bayan kwana biyu sai shagon ya turo masa imel ɗauke da lambar da ake karɓar wani wasan kwamfuta da ita, wai kyauta ce ga duk wanda ya sayi katin. Ni kuwa ba na buga gem. Ƙanena na ji ya ce, "Anti, ki sayar, masu saye na nan birjik." Sai na tsaya ina tunani, shin wannan abin nawa ne ma da zan sayar?

Bala: Naki ne mana. In kin sayi tumatir a kasuwa mai kaya ya yi miki gyara, wa zai biyo ki gida ya ce kada ki ba maƙwabciya? Kuma ba kyauta ba ce tsakani da Allah, kuɗin wasan na cikin kuɗin katin.

Sadiq: Da haka abin yake, Yaya. A 2012 kamfanin AMD, mai yin katunan hoto na Radeon, ya fito da wata garaɓasa mai suna Never Settle. Ka sayi babban katin Radeon, a haɗa maka da wasannin Far Cry 3 da Hitman: Absolution da Sleeping Dogs. Shekarar da ta biyo baya aka zo da Crysis 3 da BioShock Infinite da Tomb Raider. Lambar kawai kake buƙata, babu mai tambayar wane kati ne a kwamfutarka. Shi ya sa eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ta cika da su, mutum ya sayar ya rage zafin kuɗin da ya kashe, mai saye kuma ya samu wasa da araha.

Hauwa: To me ya lalata abin?

Sadiq: Son banza. A ƙarshen 2016 Nvidia, wadda ita ma katunan hoto take yi, ta haɗa wasan Gears of War 4 da katin GTX 1070 da 1080. Sai wasu suka gano dabara: su yi odar katin a intanet, lamba na shigowa su soke cinikin a mayar musu da kuɗinsu, su je su sayar da lambar. Microsoft, mai wasan, ta bi irin waɗannan lambobin ta soke su. Wa abin ya faɗa wa? Wanda ya biya kuɗinsa da zuciya ɗaya, ya wayi gari wasa ya ɓace.

Bala: Wannan kam sata ce, ba ciniki ba.

Sadiq: Sata ce, amma kowa ta shafa. Farkon 2017, lokacin garaɓasar wasannin For Honor da Ghost Recon Wildlands, Nvidia ta ce sai ka shigar da lambar ta cikin manhajarta ta GeForce Experience, ita kuma ta duba ko katin na jikin kwamfutar. AMD ma ta bi sahu, sai ka sauke wata 'yar manhaja ta tantance kayan kafin a sakar maka wasan. Haka aka yi da Starfield a 2023, wasan da ake sayarwa kusan dala 70 a lokacin.

Hauwa: Ke nan ko na tura wa mutum lambar, ba za ta yi masa amfani ba?

Sadiq: Sai in yana da irin katinki. Abin da masu sayarwa ke yi yanzu shi ne su tantance a kwamfutarsu, sannan su nemi shiga akawun ɗinka na Steam, wato shagon wasannin kwamfuta na intanet, su jona maka wasan. Nan ne nake so masu sauraro su buɗe kunne, don ni ya faru da ni. Na yi ciniki da wani da ban taɓa gani ba, wajen ƙarfe sha ɗaya na dare. Na tura kuɗi, na tura kalmar sirri. Wayata ta nuna lambar tsaro ta Steam, haruffa biyar ɗin nan, ya ce in karanto masa maza kafin ta canza. Na karanto. Wasan ya shigo, na yi murna. Bayan sati biyu na zo shiga, an canza kalmar sirri, an canza imel. Wasannin da na tara shekara shida suna ciki. Sai da na tono tsofaffin rasit na tura kafin aka dawo min da akawun, kwana huɗu ban yi barcin kirki ba.

Bala: Subhanallahi. Ka ga ka ba baƙo makullin gida don ya ajiye maka kaya a tsakar gida.

Hauwa: Ni akwai abin da ya fi wannan damuna, Yaya Bala. Na karanta sharuɗɗan da suka zo da lambar, an rubuta ƙarara cewa ba ta sayarwa ba ce. Kuma mun san hadisin da ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. In na danna "na yarda", ai na ɗauki alkawari.

Bala: Ban musa hadisi ba, ƙanwata. Abin da ke min ciwo shi ne an karɓi kuɗinki cif, sannan an ɗaure miki hannu a kan abin da kika biya. Mai zane irinki ba ta da yadda za ta ce a cire wasan a rage mata farashi. Wannan ba adalci ba ne, kuma zan ci gaba da faɗa. Amma tunda zuciyarki ba ta kwanta ba, ki bar cinikin. Ƙanenki da ya kawo shawarar, ba ya buga gem ne?

Hauwa: Shi ne ma sarkinta a gidanmu.

Sadiq: To ki kira shi ya zauna gaban kwamfutarki. Manhajar Steam ta waya na barin mutum ya shiga ta hanyar haska kyamara a allo, ba sai ya furta wa kowa kalmar sirri ba. A jona wasan, ya fita, shi ke nan. Sai dai ki lura, waɗannan lambobin na da ranar ƙarewa, kuma ba a tantancewa sai an ɗaura katin. Ina katin yake yanzu?

Hauwa: Yana wajen masu kago. Sun ce sai nan da sati uku zai iso Kano.

Sadiq: Ki buɗe imel ɗin yanzu ki duba ranar, kafin mu tafi hutun rabin lokaci.