Amsoshin Tambayoyinku: Cire Mahaifa Ba Tare da Tsaga Ciki Ba

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko daga wani ƙauye take kusa da Ringim. Wata dattijuwa mai haihuwa tara ce ta sa 'yarta ta rubuto. Ta ce mahaifarta ta zazzago, in ta tsuguna sai ta ji abu kamar ƙwan kaza ya leƙo, kuma likita ya ce za a cire mahaifar ta gaba ba tare da an taɓa cikinta ba. Wai haka na yiwuwa?

Yana yiwuwa, Iya, kuma ga mai larura irin taki hanyar da likitoci suka fi so ke nan. Galibi allurar ƙashin baya za a yi miki, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, idonki biyu. Likita zai bi ta farji, ya raba mahaifa da jijiyoyin da ke riƙe da ita, ya ɗaure hanyoyin jini, ya fito da ita har da bakinta, sannan ya ɗinke wurin da zaren da ke narkewa da kansa. Awa 1 zuwa 2 an gama. Tun da zazzagowa ce, akan haɗa da gyara: a ƙarfafa bangon farji na gaba inda mafitsara ta danno, ko na baya inda dubura ta danno.

Akwai kuma wanda ake haɗawa da kyamara. A huda ciki wuri 3 ko 4, ƙanana kamar kan yatsa, a saki mahaifar daga sama, a fitar da ita ta ƙasa. Ana zaɓar wannan in mace ta taɓa yin tiyata kayan ciki sun manne, sai dai a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In ƙari ya kumbura mahaifa sosai, ko ana zargin sankara, to yawanci buɗe ciki ake yi.

Wani magidanci daga Gwaram yana tambaya, cikin kunya, ko iyalinsa za ta ci gaba da zama mace kamar kowa. Malam, Allah Ya saka maka da ka tambaya maimakon ka bi zancen gari. Haila za ta tsaya, ba kuma sauran ɗaukar ciki. Amma in an bar ma'ajiyar ƙwai, sinadaran jikinta na nan suna aiki, sha'awa na nan. Ka dai yi haƙuri mako 6, sai likita ya duba ya ce ɗinki ya kama.

Ta uku ce ta fi tsaya min a rai. Wata 'yar'uwa daga yankin Dambatta, kwananta 10 da cire mata mahaifa ta gaba, ta ce mutanen gida sun fara cewa ai ba ta da ciwo, tun da ba tabo a ciki, ta tashi ta karɓi girki da daka.

Don Allah, 'yar'uwa, ki kira uwar mijinki ta saurara. Hajiya, ciwon yana nan, ido ne ba ya ganinsa. Ɗinki ne a can ciki, ɗanye. Duk ɗaga taɓarya, duk jan guga a rijiya, duk ɗora jarka mai lita 25 a ka, nauyin a kan zaren nan yake sauka. Gaskiya ne an fi saurin miƙewa a kan wadda aka tsaga wa ciki: washegari akan cire robar fitsari, kwana 2 ko 3 a sallame ta. Amma aikin ƙarfi sai bayan mako 6, wasu har fiye.

Ki riƙa takawa a tsakar gida kullum, don kada jini ya daskare a ƙafa. Ki sha ruwa da yawa, ki ci zogale da miyar kuɓewa don bayan gida ya yi laushi, saboda yunƙuri ma ɗaukar kaya ne. Kada ki cusa komai, ko kayan mata ko ruwan bagaruwa. Ɗan ɗigon jini ko ruwa mai ƙasa-ƙasa na wasu makonni ba abin tsoro ba ne. Amma in kin ga jini da gudaji, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ki sani ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, a nemo mota ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Sauran wasiƙunku sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.