Secretariat: Dokin da 'ya'yansa mata suka riƙe masa zuriya

Assalamu alaikum, jama'a. Tun bayan tseren dawakin Kentucky Derby na Amurka na watan Mayun 2025 wata magana take ta yawo: wai duk dawakai 19 da suka fito tseren nan jinin doki ɗaya ne, Secretariat. Sai ga wasu suna musu, suna cewa ina, ai an san Secretariat bai taɓuka abin kirki ba da aka ajiye shi don haihuwa, layinsa ma ya kusa ƙarewa. Masu maganar farko sun faɗi gaskiya. Masu musun ma ba ƙarya suka shara ba. Yadda maganganun biyu suka haɗu shi ne aikinmu na yau, amma ku fara ganin dokin tukuna.

[Hoton Secretariat yana ɗan dukushi]

Ga shi nan. Ja ne jawur, ƙafafu uku farare, ga ɗan fari a goshi. An haife shi ranar 30 ga Maris, 1970, a gonar Meadow da ke jihar Virginia a Amurka. Ubansa Bold Ruler, uwarsa Somethingroyal. Matar nan da ke riƙe da shi ita ce Penny Chenery, wadda ta karɓi ragamar gonar da tsohonta ya kwanta ciwo. Ta same shi ne ta hanyar ƙuri'a da aka yi tsakaninta da Ogden Phipps, wanda danginsa ke da Bold Ruler, aka cilla kwabo sama kan wa zai fara zaɓen ɗan doki. Ita ce ta faɗi ƙuri'ar, faɗuwar kuma ta kai ta ga wannan. Rabo ke nan.

Tserensa na farko na huɗu ya zo, domin tun daga fita aka bangaje shi. Daga nan sai ya miƙe. Yana shekara biyu aka ba shi kambun gwarzon doki na shekarar 1972 a Amurka.

Sai 1973.

[Kentucky Derby, 5 ga Mayu]

Ku kalli bayan garken, can ƙarshe. Shi ne. Mahayinsa Ron Turcotte bai matsa masa ba. Tazarar kusan kilomita biyu ce, ya cinye ta cikin minti 1 da daƙiƙa 59 da 'yan kai, kuma kowane zango na tseren ya fi na bayansa sauri. Doki yakan gaji ne a ƙarshe, shi kuwa ƙara wuta yake yi. Bayan mako biyu ya ci Preakness. Dokin nan da kuke gani yana binsa a duka biyun, Sham ke nan, ku riƙe sunansa.

[Belmont Stakes, 9 ga Yuni]

Nan kam zan yi shiru kaɗan, ku kalla da idonku.

Tsawon doki 31 ya ba na biyu. Mai ɗaukar hoto sai da ya ja kyamara baya kafin sauran su shigo cikin allo. Kilomita 2.4 cikin minti 2 da daƙiƙa 24 cif. Shekara 25 ke nan rabon da wani doki ya haɗa kofunan nan uku, wato Derby, Preakness da Belmont, tun Citation a 1948, kuma har yau ba a karya lokacin da ya kafa a ko ɗaya daga cikinsu ba. Ni dai ban taɓa kallon hoton nan tsigar jikina ba ta tashi ba.

Duka-duka sau 21 ya fito, ya ci 16. Tserensa na ƙarshe a Kanada ne, a watan Oktoban 1973, yana shekara uku kacal. Me ya sa aka ajiye shi da ƙuruciyarsa? Kuɗi. Mahaifin Penny ya rasu a farkon shekarar, harajin gado ya taso wa iyalin, sai aka kasa haƙƙin barbarar dokin gida 32, kowane kaso dala 190,000, jimilla dala miliyan 6.08. Mai kaso ɗaya yana da damar kawo goɗiya ɗaya duk shekara. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai yarda doki ya ci gaba da gudu har ya karye ba. Aka kai shi gonar Claiborne a jihar Kentucky.

To, daga nan ruɗanin ya fara, don haka mu tafi a hankali.

[Takardar salsalar doki a allo]

Wannan ita ce takardar salsalar dokin tsere. Ku dubi layin sama: uba, uban uba, uban kakan, haka har can baya. Idan masu kiwon dawakin tsere suka ce "layin wane", wannan layi na sama kawai suke nufi, namiji daga namiji. Duk dawakin wannan iri da ake kira Thoroughbred, idan ka bi layinsu na sama, ɗaya daga cikin ingarmu uku za ka tarar, waɗanda aka shigo da su Ingila shekaru ɗari uku da suka wuce: Byerley Turk, Darley Arabian da Godolphin Arabian. Kamar dai a gidajenmu ne: 'yarka ta yi aure ta haihu, jikan naka ne, jininka ne, wataƙila ma kai ya ɗebo a kama, amma da sunan gidan ubansa za a kira shi.

A wannan ma'auni na layin sama, gaskiya ne, Secretariat bai bar magaji ba. Jama'a sun zuba ido su ga ɗa namiji irinsa. A 1976 aka sayar da wani ɗansa mai shekara ɗaya, Canadian Bound, dala miliyan 1.5, farashin da ba a taɓa biya wa doki mai shekara ɗaya ba a lokacin, kuma dokin bai ci tsere ko ɗaya ba. Daga nan baƙin jini ya soma.

Amma a yi adalci. 'Ya'yansa 663 aka yi wa rajista, fiye da rabinsu sun ci tsere, fiye da 50 sun ci manyan gasa. Ga General Assembly, wanda ya kafa tarihin gudu a tseren Travers a 1979. Ga Risen Star, ya ci Preakness da Belmont a 1988. Ga Kingston Rule can Ostareliya, ya ci Melbourne Cup a 1990 da lokacin da har yau ba a karya ba. Ga kuma Lady's Secret, goɗiya, ta zama gwarzuwar shekarar 1986 a gaban maza. Wani ingarman da zai haifi waɗannan, sai a yi ta yi masa kirari. Laifin Secretariat shi ne da kansa ake auna shi. Abin da ya rasa abu ɗaya ne: cikin 'ya'yansa maza babu wanda shi ma ya zama babban uba. Risen Star ya yi gudu, bai haifi irinsa ba. Layin sama sai ya sirance.

Yanzu ku sauko da ido tsakiyar takardar. Ga uwar doki nan. Wanda ke samanta shi ne ubanta, wato kakan dokin na wajen uwa. Wannan gurbi masu kiwo suna ba shi muhimmanci ƙwarai, har jadawali na musamman suke yi masa duk shekara, a ga ingarman da jikokinsa ta wajen 'ya'ya mata suka fi cin kuɗi. A 1992 Secretariat ne ya zo na ɗaya a wannan jadawali a Arewacin Amurka. Mai kallon layin sama kaɗai ba zai taɓa ganinsa a nan ba.

Goɗiyoyi uku zan nuna muku.

[Terlingua]

Wannan Terlingua ce, 'yar Secretariat, mai saurin tsiya, ta doke maza tana shekara biyu. Aka kai ta ga ingarma Storm Bird, ta haifi Storm Cat a 1983. Storm Cat sau takwas kawai ya yi tsere. Amma da aka ajiye shi don haihuwa, sai da kuɗin barbararsa ya kai dala 500,000 a kan goɗiya ɗaya. Ku sake ji: goɗiya ɗaya. Kuma a dokar wannan iri, dole ingarma ya hau goɗiya da kansa, ba a karɓar ɗan da aka samu ta hanyar allura, shi ya sa farashin yake tashi haka. A takarda Storm Cat ɗan layin Northern Dancer ne, domin shi ne uban ubansa. Amma kashi ɗaya cikin huɗu na jininsa na Secretariat ne, daidai da kason Northern Dancer ɗin.

[Weekend Surprise]

Ta biyu Weekend Surprise. Ta haifi Summer Squall, wanda ya ci Preakness a 1990. Sannan aka kai ta ga Seattle Slew ta haifi A.P. Indy, wanda ya ci Belmont da Breeders' Cup Classic a 1992, ya zama gwarzon shekara. A.P. Indy ya haifi Pulpit da Bernardini, Pulpit ya haifi Tapit, Tapit kuwa shekara uku a jere yana kan gaba a cikin ingarmun Amurka.

Ta uku Secrettame, uwar Gone West. Jikan Gone West ne Smarty Jones da ya ci Derby da Preakness a 2004.

Ku bi kibiyoyin nan a allo. American Pharoah, mai kofi uku na 2015: uwarsa jikar Storm Cat ce. Justify, mai kofi uku na 2018: layin ubansa kai tsaye zuwa Storm Cat yake, ta wajen uwa kuma ga Pulpit. Sovereignty da ya ci Derby na 2025: ubansa Into Mischief zuriyar Storm Cat ne, uwarsa 'yar Bernardini ce. Terlingua ta sama, Weekend Surprise ta ƙasa. Ingarma mai farin jini a yau yakan hau goɗiya fiye da ɗari a shekara, don haka idan jini ya shiga ta irin waɗannan, cikin shekaru talatin sai ya game ƙasa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ake kira "layin Secretariat", kuma babu ko ɗaya da ba ya ɗauke da shi.

Sai tambayar da na san tana ranku: me ya sa ta mata abin ya bi?

[Kabarinsa a Claiborne]

Ya mutu ranar 4 ga Oktoba, 1989, yana shekara 19, bayan ciwon kofato mai tsanani da ake kira laminitis ya ƙi jin magani. Likitan dabbobin da ya buɗe gawarsa, Thomas Swerczek, ya tarar da zuciya lafiyayya mai girman gaske. Bai ɗora ta a sikeli ba, kintata ya yi, ya ce za ta kai kilo 10, alhali ta doki yawanci kilo 4 ce. Shekaru kaɗan bayan haka shi ne ya buɗe Sham, wancan da na ce ku riƙe sunansa, ya auna tasa ta haura kilo 8. Kakan Sham na wajen uwa kuwa Princequillo ne, shi ne kuma kakan Secretariat na wajen uwa.

Daga nan wasu suka gina ra'ayin cewa girman zuciya yana tafiya ne a ƙwayar halitta ta X. Ingarma 'yarsa yake ba X, ɗansa kuwa Y yake samu. Wannan ɓangaren kimiyya ce tabbatacciya. Amma cewa girman zuciya a kan X yake zaune, wannan har yau hasashe ne, ba a tabbatar da shi ba, kuma ina roƙonku kada ku yaɗa shi a matsayin hujja.

Ni abin da na fi gamsuwa da shi ya fi haka sauƙi. Mutumin da ya biya dala 190,000 ba zai kawo ragowar goɗiya ba, mafi kyawun bargarsa zai kawo. Uwar Terlingua, Crimson Saint, gwanar gajeren zango ce. Uwar Secrettame, Tamerett, ita ce ta haifi Known Fact da ya ci 2000 Guineas a Ingila a 1980. Uwar Weekend Surprise kuwa 'yar shahararren ingarma Buckpasser ce. Saboda haka 'ya'yan Secretariat mata sun tashi da asali ta kowane gefe, da suka isa haihuwa kuma aka kai su ga manyan ingarmun zamanin. Sannan shi Secretariat doki ne mai dogon numfashi, kasuwar Amurka kuwa ta karkata ga doki mai saurin tashi da wuri. Da aka haɗa juriyar da 'ya'yansa mata suka gada da zafin su Storm Bird da Mr. Prospector, uban Gone West, sai haɗin ya yi daidai da abin da masu saye suke nema. Ɗa namiji kuwa sai ya yi fice a fili kafin a ba shi dama, kuma kaɗan ne ƙwarai ake ajiyewa don haihuwa, yayin da goɗiya mai asali kusan duk ana kai ta barbara, ko ta ci tsere ko ba ta ci ba.