Darasi: Yadda zafi da matsi ke sauya duwatsun cikin ƙasa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu nutsa can ƙarƙashin ƙasa, zuwa sashen da masana ke kira mantil, wanda ya fara daga ƙasan ɓawon duniya har zurfin kilomita 2,900. Da farko dai ku cire a ranku cewa narkakken abu ne. Dutse ne daskararre, sai dai zafi da matsi ba sa barinsa ya zauna yadda yake.

Mu ɗauki olibin, ma'adinin nan kore da ya fi yawa a saman mantil. A cikinsa, kowace ƙwayar zarra ta silikon tana zaune ne a tsakiyar ƙwayoyin oksijin huɗu, magnesiyam da ƙarfe kuma kowanne a tsakiyar shida. In ya ɗauki zafi, sai ƙwayoyin su ƙara karkarwa, su ɗan ja baya da juna, dutsen ya kumbura. To amma ku lura da nan sosai. Haɗin silikon da oksijin taurin kai gare shi, kusan ba ya motsawa. Na magnesiyam ne ke sakin jiki. Kuma kiristal ɗin ba ya buɗewa daidai wa daida, ta wani gefen ya fi miƙewa.

Nawa ne kumburin? In zafi ya ƙaru da digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, girman olibin zai ƙaru da wajen kashi 3 zuwa 4 cikin 100. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne. Wallahi komai ne! Dutsen da ya kumbura ya fi na kusa da shi rashin nauyi, don haka sai ya riƙa tasowa, mai sanyi kuma ya nutse, kamar yadda ruwa ke juyawa a tukunya kafin ya tafasa. Tafiyar ba ta wuce 'yan santimita a shekara, amma da wannan juyin ne farantan ɓawon duniya, wato manyan ɓangarorin da ɓawon ya kasu zuwa gare su, ke tafiya, har a samu girgizar ƙasa da aman wuta.

Zafi na cewa buɗe, matsi na cewa tsuke. Da an kai zurfin kilomita 410, matsi ya yi rinjaye, ƙwayoyin olibin su sake jeri, ya koma wani ma'adinin da ake kira wadsiliyait. Sinadaran ba su canja ba, zaman ne ya ƙara matsewa. A wajen kilomita 520 ya koma ringwudait. A kilomita 660 kuwa sai ginin ya rushe gaba ɗaya, ya rabu biyu: birijmanait da feroferikilas. A cikin birijmanait, silikon ɗin nan da ya saba da maƙwabta huɗu dole ya karɓi shida. Wannan ma'adini shi ya fi kowanne yawa a duniya, amma sai a 2014 ya samu suna a hukumance, bayan an gano shi a dutsen Tenham da ya faɗo daga sama a Ostareliya a 1879.

Ga inda abin ya fi burge ni. Waɗannan iyakoki ba a kafe suke ba, zafi ne ke ɗaga su ko sauke su. Idan farantin teku mai sanyi ya nutse, olibin ɗinsa yakan rikiɗe tun bai kai 410 ba, ya yi nauyi da wuri, ya ƙara jan farantin ƙasa. A 660 kuma akasin haka ne: sanyi na jinkirta rikiɗar, farantin ya zama bai kai dutsen da ke kewaye da shi nauyi ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake ganin wasu farantan sun kwanta a wannan zurfi, kamar a ƙarƙashin Japan da gabashin Sin.

Za ku ce, wa ya je can ya gani? Babu. A ɗakin gwaji ake ɗauko ɗan ƙwayar ma'adini da ido da ƙyar yake gani, a matse shi tsakanin bakin lu'ulu'u biyu, a gasa shi da hasken leza, sannan a harba masa hasken eksirai. Yadda hasken ya watse shi ke nuna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin. Sai a gwada sakamakon da saurin igiyoyin girgizar ƙasa, waɗanda ke ƙara gudu farat ɗaya a 410 da 660.

Wani lokaci kuma ƙasa da kanta takan aiko da samfur. A 2014 masanin kimiyyar ƙasa Graham Pearson da abokan aikinsa suka ba da rahoton ɗan ƙwayar ringwudait a cikin wani lu'ulu'u daga Juina ta ƙasar Birazil, ɗauke da ruwa wajen kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa. Batun wannan ruwa shi za mu ɗauka a darasi na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.