Nama da Kifi Mai Rahusa ga Wanda Aka Ce Ya Rage Tuwo

(An rubuto wannan ne daga muryar da aka naɗa a wata lacca da aka yi wa iyaye maza da mata a zauren wata makarantar Islamiyya a Aboabo, Kumasi. An cire doguwar gaisuwar farko.)

Iyayena maza, iyayena mata, malamai, 'yan'uwa, assalamu alaikum.

Da yawa a cikinku daga asibiti kuka dawo da magana guda: a rage tuwo, a rage shinkafa da wake, a rage dokono da fufu da burodi da koko mai suga. To, an rage. Cikin da tuwo ya saba cikawa fa, me zai cika shi? Likita ya ce ganye da ƙwai da kifi da nama. Likita ya faɗi nasa ya tashi, kai kuma ya bar ka da mahauci. A kan wannan cefanen zan tsaya yau.

Amma ku fara riƙe wannan. Duk mai shan maganin ciwon suga ko mai yin allurar insulin, kada ya yanke sitaci, wato su tuwo da shinkafa, rana ɗaya shi kaɗai. Maganin yana nan yana aikinsa, abincin da aka auna shi da shi ya ragu, sai suga ya faɗi ƙasa, mutum ya kama rawar jiki da zufa, wani har ya suma. Mai ciwon ƙoda shi ma yawan nama ba nasa ba ne. Ku koma wurin wanda ya rubuta muku maganin, ko a babban asibitin Komfo Anokye ne ko a ƙaramin asibitin unguwa, ku daidaita da shi tukuna.

Yanzu lissafi. Mu a nan da fam muke sayen nama, fam ɗaya kuwa giram 454 ne. Abin da ke cutar mu shi ne kuɗin fam muke tambaya, alhali abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne nawa ne zai shiga baki. Bari in ba da misali da lamba mai sauƙi, ba farashin yau ba. A ce nama da ƙashi sidi 30 ne fam, tsoka zalla sidi 40. Kowa zai miƙa hannu ga na 30. Idan kashi ɗaya cikin uku ƙashi ne da jijiya, to fam ɗin naman da ka ci ya tashi maka a sidi 45. Ka ga mai arhar shi ne mai tsadar. Ban ce ƙashi ba shi da amfani ba, yana ba da romo, kuma miyar kuka ba ta daɗi sai da shi. Amma ka saye shi da sunan ƙashi, a farashin ƙashi.

Kayan ƙanƙara ma haka. Kifi ko kazar da ta sha ƙanƙara, da ruwan ake ɗora ta a sikeli. Hajiya, in kin je gida kin bar shi ya narke, dubi ruwan da ya taru a roba, shi ma kin biya kuɗinsa. Ki sa a karkaɗe miki ƙanƙarar kafin awo. Babu abin kunya a ciki.

Kuma jiki ba ya buƙatar tulin da muke zato. Giram 100 na ɗanyen tsoka ko kifi yana da abin gina jiki wajen giram 20. Ƙwai ɗaya yana da wajen 6. Wato ƙwai uku sun kusa tsaya maka a madadin yanka mai girman tafin hannu. Shi ya sa nake cewa kiret ɗin ƙwai, mai guda 30, shi ne farkon cefanen mai wannan tsari. Muna kusa da gonakin kaji, ga na kewayen Kumasi ga na Dormaa, ƙwai ba ya yanke mana. Saye da kiret ya fi saye ɗai-ɗai a kanti nesa ba kusa ba.

Sai kifi, kuma a nan nake so ku ba ni kunnuwanku. Mun ɗauka cin kifi shi ne a gasa maka babbar karfasa a bakin titi da dare. Wannan cin marmari ne, yawancinta a keji ake kiwonta a Tafkin Volta, abincin da ake ba ta da tsada, dole ita ma ta yi tsada. Kifin talaka shi ne amane, wato kifin teku irin sadin, da kifin makarel da muke kira saman, na kwalsto (shagon kayan ƙanƙara), da ƙananan nan da ake kira Keta sukul bois. Amane da saman masu mai ne, irin man da zuciya ke so, kuma mai rage sitaci yana buƙatar mai a abincinsa, in ba haka ba yunwa za ta kore shi ya koma wa tuwo kafin sati ya zagayo. Ƙananan kuwa da ƙayarsu ake cinye su, babu abin zubarwa, kuma ƙayar tana ƙara wa ƙashin jiki ƙarfi. A daka su a zuba a miyar ayoyo ko kuɓewa ko kontomire (ganyen gwaza), olonka ɗaya, wato gwangwanin awo, ya daɗe yana yi wa gida aiki.

Kifin teku yana da lokacinsa. Daga wajen Yuli zuwa Satumba ruwan gaɓarmu yana sanyi, amane ya yawaita. Sai dai kifin ya ragu a teku saboda yawan kamu, har gwamnati ta fara rufe wa masu kwalekwale teku na wata guda a 2019, daga 2021 zuwa 2024 aka riƙa yin rufewar a watan Yuli, manyan jirage kuma Yuli da Agusta. Don haka mai hankali yakan sa ido daga Agusta, lokacin da bandar amane ke shigowa kasuwannin Kejetia da Asafo kwando-kwando, ya saya da yawa ya ajiye. Na ruwan daɗi, tarwaɗa da sauransu, daga Yeji ake kawo mana bandarsu. Tana da tsada a ido, amma ruwanta ya riga ya fita, abin da ka saya kifi ne zalla. Ka karya ɗaya ka duba ciki kafin ka biya: in ka ga gari-gari ko ƙwari ko danshi, ajiye musu kayansu.

Koobi da momoni, kifayen nan da ake adanawa da gishiri, kuwa kayan ɗanɗano ne, gishiri ne ya yi musu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ke nan, kuma yawancin masu suga suna da hawan jini a gefe. A jiƙa, a zubar da ruwan, a sa kaɗan.

Mu dawo kan nama. Na ga mahauta a zaune a baya, ku yi mini afuwa, ba kasuwarku zan ɓata ba. Zuciya da ƙoda da tumbi da naman kai da ƙundun kaza, duk abinci ne na gaske, kuma galibi sun fi tsoka sauƙi. Zuciya ma ai tsoka ce. Hanta tana ƙara jini, amma sau ɗaya a mako ya isa, mai juna biyu kuma ta tambayi ma'aikatan awo kafin ta ci, don sinadarin bitamin A ya yi yawa a cikinta. Wanda gaɓoɓinsa ke kumbura da ciwon gawut shi ma ya yi nesa da kayan ciki. Ganda fa? Ina son ganda kamar kowa, amma kada a ƙirga ta a nama. Tana cika baki, abin da take ba jiki bai kai na kifi ko ƙwai ba. Wadda aka babbake da tayar mota kuwa, ko kyauta aka ba ka, ka ce ka gode.

Dabarar da ta fi kowace a wurina, iyayenmu sun riga mu saninta: watanda. Me ya sa sai azumi ya zo ƙarshe muke tunawa da ita? Shanun nan daga arewa suke sauka, daga Burkina Faso da Mali da Nijar, su biyo ta kan iyakar Paga har mayankar Kaase a nan Kumasi. Gida goma ko goma sha biyu su haɗa kuɗi kamar yadda ake zubin adashe, a wakilta mutum biyu masu amana da mahauci ɗaya da ya san dabba, a saya, a yanka a mayanka inda ma'aikatan dabbobi ke duba nama, a kasa daidai. Kowa ya samu tsokarsa da ƙashinsa da kayan cikinsa, ribar hannu biyu ko uku ta zauna a aljihunku. Sharaɗi ɗaya: kada a yi ta gab da Babbar Sallah ko Kirsimeti, lokacin dabba ke hawa. Katan ɗin kifi ko na cinyar kaza a Asafo shi ma haka, mata huɗu su haɗa su raba. Kazar waje, daga Turai da Brazil da Amurka take zuwa, ku duba tambarin halal a jikin katan. Ku ɗauki cinya ku bar bayan kaza, shi ƙashi ne da fata. Tsofaffin kajin da suka gama ƙwai suna da tauri, amma a miya sun fi ta ƙanƙara daɗi. Cofi, wato gindin talotalo, tun 1999 aka hana shigo da shi ƙasar nan, ba sai na ƙara komai ba.

Akwai kuma sitacin da ke ɓuya a cikin nama. Sosej ana cuɗa shi da gari. Kifin da aka turbuɗa a fulawa kafin suya, fulawar burodi ce. Tsire ba laifi, amma wasu suna ƙara gari a ƙuli-ƙulin don ya auku, balangu ya fi zama lafiya. Wagashi, cukun Fulani, kuwa ku riƙe shi, yana ƙosarwa.

(Wata dattijuwa ta tambayi yadda za a ajiye naman watanda ga wanda ba shi da firiza, ko in wuta ta ɗauke.)

Inna, tambayarki ta yi. Yadda kike yi da naman layya, haka za ki yi. Ki yanyanka ƙanana, ki tafasa da ɗan gishiri da citta har ruwan ya tsotse, ki soya ya bushe ƙayau, ki bar shi ya huce sarai kafin ki rufe. Ko ki yi dambunsa. Bandar kifi kuma a kwando mai shan iska, ba a leda ba, kina ɗora ta a kan waya bisa garwashi duk bayan kwana biyu ko uku. Mai firiza ya ƙulla nasa ƙulli-ƙulli, na girki ɗaya-ɗaya, don kada a narkar da duka a sake daskarar da shi. In wuta ta ɗauke, a bar murfin a rufe, firiza cikakkiya takan riƙe sanyinta har kwana biyu, wadda ke rabi kuma kwana ɗaya.

An yi mini alama cewa lokacin La'asar ya yi. Masu son shiga watanda su tsaya bayan salla a rubuta gidaje, a ga ko za mu kai goma. Wassalamu alaikum.