Ya ce ya gama mastar, to ina takardar?

[Hotunan sutanans, wato ranar da ɗalibi ke kare bincikensa a gaban malamai, da ake ta yaɗawa a Facebook da TikTok]

Duk mai hawa Facebook a 'yan makonnin nan ya ga irin waɗannan hotuna. Ɗalibi a tsaye gaban tebur, malamai uku ko huɗu a zaune, dangi sun cika ɗaki, a waje kuma ana ta guɗa. A ƙarƙashin kusan kowane hoto tambaya ɗaya ce ke dawowa: wai ba shekara biyu ake yin mastar ba? Wasu kuma ƙorafinsu na cikin gida ne. Ƙanensu ya ce ya gama tun bara, har yau ba a ga takarda ba, ko dai faɗuwa ya yi yana ɓoyewa?

Bai faɗi ba, kuma ba ƙarya ya yi muku ba. Darussa ya gama. Akwai wani mataki tsakanin ƙarshen darasi da wannan rana ta hoto, wato rubuta kundin bincike, kuma a nan ne mutane da yawa ke maƙalewa shekara guda, wani shekara biyu. A kansa za mu zauna yau.

[Gadar Kennedy da safe, motoci da babura suna tsallaka kogin Isa zuwa Harobanda, unguwar da jami'ar Yamai take]

Mu yi sauri a kan abin da aka sani. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ta fara a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata wannan suna a 1992, tana bin tsarin LMD (lisans, mastar, dokta) kamar sauran jami'o'in yankinmu. Ita ma ta Tawa, da aka buɗe a 2010, haka take. Lisans shekara uku, mastar biyu, dokta uku. Mastar zango huɗu ce, kowane zango kiredi 30, jimla 120. Zango uku na farko aji ne: malami ya shigo, a rubuta, a yi jarrabawa, a liƙa sakamako a allo. Wannan kowa ya gane shi, har kakarmu ta ƙauye.

Zango na huɗu, a mafi yawan sassa, na sitaj ne (koyon aiki a wata ma'aikata) da memuwar, wato kundin binciken da ɗalibi zai rubuta ya kare a gaban malamai. Nauyinsa ɗaya da na kowane zango. Amma ba shi da aji, ba shi da ƙararrawa, babu wanda ke kiran suna da safe. Hatsi ne da aka girbe aka kai rumbu: gona ta gama aikinta, amma sussuka da surfe da daka duk suna gaba, kuma ba wanda ya taɓa cin tuwo daga rumbu kai tsaye.

[Tsakar gida, asuba. Mace a kan tabarma, kwamfuta a cinya, yaro yana barci a gefe]

Wannan baiwar Allah malamar kwantaragi ce a wata makarantar sakandare a nan Yamai. Ta yarda mu bi ta, ba tare da mun faɗi sunanta ba. Bayan sallar asuba take samun awa ɗaya da rabi kafin gida ya tashi. Ku dubi takardun da ke gefenta. Babi na biyu ne, ya dawo daga hannun malamin da ke duba aikinta, kuma jan biro ya fi baƙin rubutu yawa a wasu shafuka. A gefe ya rubuta: ina madogararki? A ƙasa kuma: wannan sakin layi na babi na uku ne. Ba zagi ba ne, aikin ke nan. Za ta gyara, ta mayar, ya sake dubawa, wataƙila ya sake dawowa.

To ga abin da nake so kowa ya riƙe. Ɗalibi ba shi ke cewa memuwar ya kammala ba. Ko ya rubuta shafi ɗari, ya yi masa bango mai kyau, har sai malamin da ke jagorantarsa ya sa hannu cewa aikin ya isa a kare shi. Sa hannun nan shi ne mabuɗi. Sai da shi ake ajiye kwafi a sashe, sai an ajiye ake naɗa juri, wato malaman da za su auna aikin, sai an naɗa juri an ba su lokacin karantawa ake sa rana. Idan ɗanku ya ce muku "na gama rubutu", abin da yake nufi shi ne ya shiga layin jiran wannan sa hannu, kuma kafin ya samu, kowane babi zai yi zuwa da dawowa.

Me ya sa malamin ba ya karantawa cikin mako guda? Na san ɗalibai suna da haushi a nan, kuma wani lokaci da gaskiyarsu. Amma a duba ranar malamin. Da safe yana gaban ɗaruruwan 'yan lisans a babban ɗakin karatu. Takardunsu na jarrabawa suna jiransa. Ba ɗalibin mastar ɗaya ke hannunsa ba, ga kuma 'yan dokta idan ya kai matsayin jagorantarsu. Jami'o'in gwamnati sun ƙaru: bayan Maradi da Damagaram da Tawa, a 2014 an ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilaberi, kuma manyan malamai ba su ƙaru da irin wannan sauri ba, don haka za ka ji an ce Farfesa ya tafi koyarwa wata jami'a, sai bayan mako biyu. Shi ma kansa yana da jarrabawarsa, domin ƙarin girman malaman jami'a yana bi ta hukumar CAMES da ke Wagadugu, kuma sai da bincike da wallafa ake hawa. In aka haɗa da yajin aiki da shekarun karatu da ke hawa kan juna, sai ka ga babin da aka miƙa kafin azumi ya dawo bayan babbar salla.

[Ƙofar ofishin malami, ɗalibai uku a kan benci da takardu a hannu]

Ku saurari yadda ganawar take.

"Ina wuni, Farfesa. Na kawo gyaran babi na biyu."

"Madalla, Malama. Yaushe na ba ki shi?"

"Ya kai wata uku, ranka ya daɗe. Yaro ne ya yi ciwo, ga jarrabawar ɗalibaina."

"Allah ya ƙara sauƙi. Sai dai yanzu dole in sake karanta shi tun daga farko, don na manta inda muka tsaya."

A nan ciwon yake. Jinkiri biyu ne ke haɗuwa, na malami da na ɗalibi, kuma kowanne yana ƙara wa ɗayan tsawo. Na malami ba ya hannunka. Naka kuwa, gida da wurin aiki ne ke cinye shi, kuma ba da mugunta ba.

Lokacin da ake shiga aji, ɗalibi yana da takardar jadawali. Yana nuna wa shugabansa a ofis: ranar Talata da Alhamis ƙarfe biyar ina da darasi. Shugaba ya sake shi. A gida ma haka, an san Asabar da safe ba ta nan, ƙanwa ta riƙe yara. Ranar da darussa suka ƙare, takardar nan ta ƙare, sai kowa ya karɓe lokacin da ya ba da aro. Shugaba ya dawo da aikin yamma. Inna ta kira: "Ɗiyata, tunda Allah ya sa kin gama, gobe ki wakilce ni sunan gidan gwaggonki." Wa zai ce wa Inna a'a? Suna ne, biki ne, gaisuwar mutuwa ce, kuma a garin nan wanda ba ya zuwa na mutane ba a zuwa nasa. Namiji kuma abokan fada suna jiransa da shayi, ana yi masa tsiya, ana ce masa Dokta tun bai ajiye babi na ɗaya ba. Yana dariya, shayin da daɗi, amma kofi uku sun tafi da daren.

Ga kuma batun aljihu. Buris na hukumar ANAB, ga wanda ya samu, yana da wa'adi, ba ya bin mutum har ranar da ya ga dama ya gama. Shi ya sa za ka tarar ɗan mastar yana koyarwa a makarantar kuɗi, ko yana bautar ƙasa a wata ma'aikata, ko yana karatun gida wa 'ya'yan mutane da yamma. Babbar jarrabawa ita ce ranar da wani furoje ya kira shi aikin tattara bayanai na wata uku a karkara. Kuɗin na gaske ne, akwai haya, akwai cefane. Ba zan ce wa kowa ya ƙi ba. Amma wanda ya tafi bai gaya wa malaminsa ba, bai ɗauki babi ko ɗaya a jaka ba, ya sani wata ukun nan za su iya zama shekara. Idan shekarar karatu ta juya bai kare ba, sai ya sake biyan kuɗin rajista kafin a saurare shi.

[Hira a ƙauye, waya a kan tabarma tana ɗaukar murya, sai ɗaki da dare, ɗalibi da abin sauraro a kunne]

Akwai wani aiki da ido ba ya gani. Mai binciken zamantakewa ko tarihi ko noma yana hira da mutane da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci ko Tamashek, sannan ya zauna ya rubuta abin da aka faɗa kalma bayan kalma, ya mayar da shi Faransanci. Hirar awa ɗaya tana iya cin yini. Wanda ya yi hira talatin fa? A lissafa. A watan Afrilu da Mayu kuwa, zafin Yamai ya haura digiri 40, kuran ya ɗauke, batirin kwamfuta ya mutu a tsakiyar jimla. Shi ya sa za ku ga wasu sun zauna a ofis bayan an tashi, musamman ranar Juma'a da ake tashi da rana, don akwai wuta da fanka da shiru.

Na Tawa ma kada a manta da su. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka tura aiki Tawa ko Ƙonni, jagoransa yana Yamai, tsakaninsu fiye da kilomita 400. Ya aiko da babi ta WhatsApp, amma malamai da yawa sun fi son takarda a hannu, sai ya roƙi aboki ya buga ya kai. Ganawar minti ashirin tana cin kuɗin mota zuwa da dawowa da izinin kwana biyu daga wurin aiki.

[Hannu yana rubuta jadawali a takarda, ana liƙa ta a bangon ɗaki]

To me ke aiki? Abin da na gani ga waɗanda suka fita da wuri, sun ƙirƙiro wa kansu takardar da ta ɓace. Jadawali da hannu, a liƙa inda maigida ko uwargida za su gani: Asabar daga takwas zuwa azahar, ina makaranta, ko da makarantar ɗakin baya ce. Kuma sun daina cewa "na gama". Suna cewa saura zango guda, wanda shi ne gaskiya, kuma Inna da ta ji haka da kanta za ta ce a tura wata sunan.

Da malami kuma, babi ɗaya ɗaya ake kaiwa, kada a tara shafi ɗari a dire masa. Idan gyara ya dawo, a mayar cikin mako biyu, tun aikin yana cikin kansa. Bayan kowace ganawa a tura masa gajeren saƙo na abin da aka tsayar, da ladabi, don gobe kada a yi saɓani. Wanda bai zaɓi batun bincike ba tukuna, ya nemi wanda ke kusa da aikinsa: malamar makaranta ta duba abin da ke faruwa a ajinta, ma'aikacin asibiti ya duba nasa, sai wurin aiki ya zama filin bincike. Sannan don Allah a ajiye kwafi a imel. Kilen USB ɗaya da ya faɗa cikin wanki ya sa manyan maza kuka.

Ra'ayina, ba duka nauyin ne ya kamata ya hau kan ɗalibi ba. Da kowane sashe zai sanar tun farkon shekara da watannin da za a yi sutanans, ya kuma ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai riƙe, da ma'aikaci ya san lokacin da zai nemi hutu, da malami ma ya samu sarari. Wannan ba ya bukatar sabon gini.

[Ɗakin sutanans, juri suna fita shawara]

Ranar kanta gajera ce. Ɗalibi ya yi bayani kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin, juri su yi tambayoyi, a fita shawara, a dawo da maki a kan 20. Sai dai kusan kullum juri suna ba da nasu gyaran, kuma sai an yi shi an ajiye kwafin ƙarshe kafin a fara maganar takardar shaida. Wanda ke son shiga gasar ɗaukar aiki da wannan digiri, ya yi gyaran nan a makon da ya kare, kada ya bari sai an fitar da sanarwa yana gudu tsakanin ofisoshi.

Masu tambaya a kan dokta da yadda ake samun jagora, bidiyo na gaba naku ne. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa.